Gawayi a Farin Bango

Shekara talatin ina ɗora amya a kan gawo da tsamiya
daga Mirya har bakin Gafati,
ban taɓa tambayar zuma da wane ido take komawa gida ba.
Sai ga Cima, autata, ta dawo daga jami'a
da wani abu cikin gwangwanin madara,
bai kai nauyin goro uku ba.
Farfela huɗu. Ido ɗaya, kamar ƙwayar dawa.
Ta ce, Baba, ga ɗalibin zumarka.

Muka tafi mangazar Kyari a Zango bayan la'asar,
inda buhunan wake suka hau juna har rufi,
zafi yana ɗiga daga kwano.
Ta ce nan tauraron ɗan'adam ba ya leƙowa,
babu mai ce masa hagu, babu mai ce masa dama,
ƙwaƙwalwarsa kuwa ko farce ya fi ta faɗi,
ba ta ɗaukar taswira.
Na ce, to da me zai bi hanya?
Ta ce, da gudun bango.

Tuna kana cikin mota, hanyar Magarya:
dogonyaron bakin titi wuf yake wucewa,
dutsen nesa kuwa sai ya raka ka har Dogo.
Abin da ya ruga, kusa yake.
Abin da ya yi nawa, da saura.
Zuma tana auna gudun dama da gudun hagu,
in sun yi kunnen doki, tana tsakiya.
Na ce, ashe lissafi nake zubawa a kunu.

Ta ɗora shi a tafi, ta janye hannun.
Ya tsaya a iska yana kukan sauro,
ya karkata, ya shiga lungun buhuna,
ɗinki da rubutu da igiya suna zuba ta gefensa,
shi kuwa tsakiya, tsakiya,
zare a kafar allura.
Kyari ya manta da shayin da ke hannunsa.

Sai ƙarshen lungu:
bangon da aka shafe da farar ƙasa shekaranjiya,
sumul, ko kashin ƙuda babu.
Bai rage gudu ba.
Tas!
Farfela ɗaya ta gangara ƙarƙashin sikeli.

Cima ta durƙusa ta ɗauke shi kamar ɗan tsako.
Sau uku tana gyarawa, sau uku farin yana cinye shi.
Batir ɗaya ya rage.

Ni dai kwatarniya na tuna.
Da bazara in na aje wa zuma ruwa,
ruwan ya kwanta luf, babu motsi,
da safe sai in tarar da su a kai, matattu,
sun sauko ba su ga inda sama ta ƙare ba.
Kakana ne ya koya mini jefa kara da tsakuwa ciki.
Bai ce don me ba. Ni ma ban tambaya ba.

Na je murhun shayi na ɗauko gawayi.
Kyari ya ce, kai, farar ƙasar jika biyar!
Na ce rubuta a kaina.
Na zana abin da hannuna ya tuna na gidajen Birni,
dagi, takobi, wata da tauraro,
karkatattu duka, ni ba magini ba ne.

Aka sake shi.
Ya biyo lungu, ya iso,
zanen yana ta girma a idonsa,
ya rage, ya rage,
ya tsaya taki guda da dagina
yana ɗan kaɗa kai kamar mai bitar karatu,
sannan ya juya.

Cima ba ta yi guɗa ba.
Littafi ta buɗe, alƙalami yana gudu:
Baba, sake faɗa mini zancen kwatarniyar,
ruwan nan, wace irin kwanciya?

Muka fito ana kiran magariba,
duwatsun gari suna amayar da zafin yini,
hannuna baƙi ƙirin.
Jemagu suka tsiyayo daga wani kango,
cikin duhu, ko ɗaya bai taɓa ɗan'uwansa ba.
Ta tsaya cak, ta ɗaga kai.
Na san wannan kallon.
Na ce, a'a, waɗannan ban taɓa kiwonsu ba,
sai ki nemi wani uban.